Gazawar tayirod: yadda ake gane ta, abin da ke kawo ta, da inda ake kuskure

Malamar Jinya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu ɗan zauna a kan gazawar tayirod, domin cuta ce da kan daɗe a jikin mutum ana kiran ta da sunan da ba nata ba. A ce ƙarancin jini ne, a ce damuwa ce, a ce tsufa ne, wani lokaci har a ce wa mai ita malalaci. Bari in shimfiɗa tabarma, masana su hau.

Tayirod wata 'yar halitta ce mai laushi a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, ta rungume maƙogwaro hagu da dama kamar fikafikan malam-buɗe-littafi. A jikin baligi nauyinta giram 15 zuwa 25 ne. Aikinta ta ɗebi aidin daga jini ta haɗa sinadarai biyu, T4 da T3, kuma lambar nan tana nuna yawan aidin da ke manne da kowanne. Su ne ke saita saurin aikin gaɓoɓi. In suka yi ƙaranci, komai sai ya yi sanyi: zuciya, hanji, fata, har tunani. Tambayata ga likitocinmu ita ce, wace alama ce za ta sa a ce wa mutum tashi ka je a ɗebi jininka?

Likitan Ciki:
Wa alaikumus salam, Malama, kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Gaskiyar magana babu alama ɗaya tak da za a riƙe. Gajiya kowa na yin ta. Abin da ke jan hankali shi ne haɗuwar alamomin da kuma yadda suke shigowa a hankali, cikin watanni ko shekaru, har mutanen gida su saba da su.

Mutum ya kwana barci ya tashi kamar bai runtsa ba. Kowa na fifita shi yana neman mayafi. Bayan gida ya yi tauri, sai kwana uku ko huɗu. Fata ta bushe tana furfura, ta yi sanyi in ka taɓa, zufa ta ragu. Gashi ya yi kaushi yana zuba, wani har gefen girarsa na waje ya sirance. Fuska ta kumbura, musamman ƙasan ido da safe, murya ta yi kauri ta dishe, magana ta koma a hankali. Bugun zuciya kan sauka ƙasa da 60 a minti. Ga mantuwa, ga mutuwar jiki, ga ɗaurewar tsoka a ƙafa, ga yatsun hannu da ke sagewa da dare har su tashi mutum daga barci.

Kumburin nan yana da bambanci da na ciwon ƙoda ko na zuciya. In ka danna shi da yatsa ba ya lotsawa, domin ba ruwa zalla ba ne, wani sinadari ne mai yauƙi ke taruwa a cikin fata yana riƙe ruwa. Shi ne dai ke kumbura igiyoyin murya, ya kaurara harshe har a fara minshari, ya matse jijiyar da ta ratsa wuyan hannu. Abu ɗaya, alamomi huɗu.

Akwai kuma wata da nake so ɗalibai su riƙa dubawa. A sa mutum ya durƙusa a kan kujera ƙafafunsa na reto, a bugi agararsa da 'yar gudumar gwaji. Ƙafar za ta zabura, amma komawarta sai ta ja lokaci kamar ana janye ta da igiya. Wanda ya gani sau ɗaya ba ya mantawa.

Ɗalibar Likitanci:
Likita, to maganar ƙiba fa? Kusan duk mai ƙiba da ya karanta wani abu a intanet sai ya ce tayirod ɗinsa ce.

Likitan Ciki:
Ƙanwata, kama da wane ba wane ba ne. Ƙibar da gazawar tayirod ke kawowa galibi kilo 2 zuwa 5 ce, kuma mafi yawanta ruwa ne da gishiri da jiki ya riƙe. Wanda ya ƙara kilo 30 kada a yi masa alkawarin cewa magani zai zubar da su, ko da gwajinsa ya nuna matsalar. Abin lura shi ne mutum ya ƙara nauyi alhali cin abincinsa raguwa ya yi.

Wasu kuma ba da ƙorafi ake kama su ba, a takardar gwaji ake gani: kitsen jini ya hau ba dalili, ƙarancin jini da ya ƙi jin magani, sodiyam ya sauka, ko lambar ƙasa ta awon hawan jini ta ɗaga. Duk wanda za a ɗora a kan maganin kitsen jini ya kamata a fara duba tayirod ɗinsa, domin in ita ce, gyara ta kan sauke kitsen, kuma maganin kitsen ya fi sa ciwon tsoka ga wanda tayirod ɗinsa ta gaza.

Mai Awon Jini:
Bari in shigo nan, domin a wurin karanta sakamako ake yawan juya abin. Mutum ya ga an rubuta TSH ya hau, sai ya ce tayirod ɗinsa ta yi yawa. Akasin haka ne. TSH ba daga tayirod yake fitowa ba, daga fituwitari yake, wata 'yar halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Ku ɗauke ta a matsayin mahayi, tayirod doki, TSH kuma bulala. In doki ya gaji, mahayi ƙara bulala yake yi. Saboda haka hawan TSH yana nufin tayirod ta gaza.

A yawancin ɗakunan gwaji, TSH na baligi yana tsakanin 0.4 da 4.0 ko 4.5. T4 ɗin da ake buƙata shi ne sakakke, wanda bai manne da furotin ba, shi ake rubutawa FT4, kuma galibi yana wajen 10 zuwa 22 in an auna da ma'aunin pmol/L. Kowa ya dubi iyakar da aka buga a jikin takardarsa, domin na'ura da na'ura sun bambanta. TSH sama, FT4 ƙasa: gazawa ce bayyananniya. TSH sama, FT4 daidai: gazawa ce ɓoyayya. Dalilin da ya sa ake fara auna TSH shi ne, T4 na ɗan sauka kaɗan sai shi ya yi tsalle mai nisa, don haka shi ke fara ba da labari. Awon T3 kuwa ba ya taimakawa wajen gano wannan cuta, domin jiki na ƙoƙarin riƙe shi daidai har sai abin ya yi nisa. Ɓarnar kuɗi ce kawai.

Abubuwan da ke ruɗa sakamako su ma a sani. Wanda ke kwance da rashin lafiya mai tsanani lambobinsa kan rikice, kuma TSH kan ɗan hau lokacin murmurewa, don haka a jira kamar mako 6 bayan ya warke in ba dole ba. Sai bayotin, wanda ke cikin ƙwayoyin gyaran gashi da farce: a wasu na'urori yana sa TSH ya fito ƙasa, T4 ya fito sama, duk na ƙarya. A daina shan sa kwana 2 zuwa 3 kafin a ɗebi jini. TSH kuma ya fi hawa da dare, ya fi sauka da la'asar, shi ya sa mai maimaita gwaji gara ya riƙa zuwa a lokaci guda, da safe. Wanda ke kan magani, in har za a auna FT4, ya bari a ɗebi jinin kafin ya sha ƙwayar ranar.

Malamar Jinya:
Madalla, Malam. To mu koma kan dalilai. Mutane da yawa maƙoƙo kawai suka sani.

Likitan Ciki:
Maƙoƙo kumburin tayirod ne, ba sunan cuta ɗaya ba ne. Akwai mai maƙoƙo da sinadarinsa ya yi ƙasa, akwai wanda nasa ya yi yawa, akwai wanda nasa daidai yake. Akwai kuma wanda tayirod ɗinsa ta gaza ƙwarai amma wuyansa sumul, domin shanyewa ta yi.

A faɗin duniya babban dalili shi ne ƙarancin aidin. Ba kayan aiki, bulala na ta sauka, sai halittar ta yi ta girma tana neman abin da babu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar maikirogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa 250, yaro ɗan ƙasa da shekara 6 kuma 90. Shi ya sa ake zuba aidin a gishiri, abin da Suwizalan ta fara a 1922, Amurka ta bi a 1924. Aidin ɗin kan ragu in an bar gishiri a buɗe cikin laima da zafi, don haka a rufe shi a busasshen wuri. Ba cewa aka yi a ƙara cin gishiri ba, iyakar giram 5 a rana na nan, cewa aka yi ɗan wanda za a ci ya zama mai aidin.

Inda aidin ya wadata kuwa, cutar Hashimoto ce kan gaba. Sunan likitan Japan ne, Hakaru Hashimoto, wanda ya bayyana ta a 1912. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa tayirod, ta yi ta cin ta a hankali. Ta fi kama mata nesa ba kusa ba, tana bin dangi, kuma tana tafiya da 'yan'uwanta: ciwon suga nau'i na ɗaya, cutar da ke sa fata dabbare-dabbaren fari, ƙarancin jini na rashin bitamin B12, da gazawar halittar da ke saman ƙoda. Ana gano Hashimoto da awon jinin da ake rubutawa anti-TPO. Sau ɗaya ya isa. Maimaita shi kowane wata don a ga ko ya sauka ba ya canza komai a magani.

Sai wadda magani ko aiki ya jawo: an cire tayirod, ko an ƙona ta da aidin mai tururi saboda ta yi yawa, ko an haska wuya don maganin kansa. Ta hasken nan kan ɗauki shekaru kafin ta fito, don haka awo duk shekara ya zama dole. Akwai kuma kumburi mai zafi da kan biyo bayan mura, wuya ya yi ciwo har cikin kunne. Sinadarin ya fara yin yawa, sannan ya yi ƙasa, yawanci kuma ya dawo daidai cikin watanni. Sanin dalilin shi ke nuna ko magani na har abada ne ko na ɗan lokaci.

Mai Haɗa Magani:
Likita ya bar mini nawa kason. Amiodarone, maganin rikicewar bugun zuciya, fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa aidin ne. Ƙwaya ɗaya ta miligiram 200 na ɗauke da aidin kusan miligiram 75. Yana iya kwantar da tayirod, yana iya tunzura ta, kuma yana daɗewa a jiki watanni bayan an daina. Lithium, na masu larurar sauyin yanayin hali, yana hana ta sakin sinadarin. Duka biyun, a auna kafin a fara, a maimaita duk wata 6. Carbimazole, maganin da ake ba wanda tayirod ɗinsa ta yi yawa, in ya yi wa mai shan sa yawa sai ya tsallaka da shi ɗaya ɓangaren. Sababbin magungunan kansa masu zaburar da garkuwar jiki, irin su pembrolizumab da nivolumab, su ma suna yi.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa tunda aidin ne abincin tayirod, a yi ta ɗirka shi. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. In aidin ya yi wa tayirod yawa lokaci guda, rufe ƙofa take yi ta daina aiki, abin da Wolff da Chaikoff suka nuna a 1948. Lafiyayyar tayirod kan farfaɗo cikin kwanaki, amma wadda Hashimoto ta taɓa tana iya kasa tashi. Ƙwayoyin ciyawar teku da ɗigon aidin da ake tallatawa a matsayin masu ƙarfafa tayirod suna iya ƙara dagula wa mai Hashimoto lissafi.

Ungozoma:
Ku ba ni wuri in yi maganar mata, domin nan abin ya fi ciwo. Al'ada ta yi yawa ko ta rikice, ciki ya ƙi samuwa, ko ya samu ya yi ta zubewa, ko a ga ruwan nono ba shayarwa: duk a tuna da tayirod. In ta gaza, sinadarin da ke kawo ruwan nono kan hau, shi kuma ya hana ƙwai fita.

Ɗan tayi ba ya fara haɗa nasa sinadarin sai wajen mako na 12, kuma ba ya tsayawa da ƙafarsa sai wajen mako na 18 zuwa 20. Kafin nan da na uwa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Saboda haka macen da ke kan magani, ranar da ta tabbatar da ciki, ba dainawa za ta yi ba, ƙari take buƙata, kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Hanya mai sauƙi da likitoci kan bayar ita ce ƙarin ƙwaya biyu a mako, wato tara maimakon bakwai, ta kuma je asibiti a makon. Ana auna TSH duk mako 4 har tsakiyar ciki. In ta haihu ta koma adadinta na da, a auna bayan mako 6. Maganin ba ya cutar da ciki, ba ya hana shayarwa. Wadda ke shirin ɗaukar ciki kuma ana so TSH ɗinta ya kasance ƙasa da 2.5 tukuna.

Sai mai jego. Kusan mace ɗaya cikin 20 tayirod ɗinta kan kumbura ba zafi a shekarar da ta haihu. Watannin farko sai faɗuwar gaba, zafin jiki, rama. Daga wata na 4 zuwa na 8 sai gajiya, sanyi, kuka ba dalili. Kowa sai ya ce ai raino ne. Yawancinsu suna warkewa cikin shekara, wasu kuma abin ya zauna musu, kuma yakan dawo a haihuwa ta gaba. Duk mai jegon da aka ce tana da ciwon damuwa, don Allah a haɗa da wannan awon.

Likitan Ciki:
Hajiya, kin tuna mini da wadda TSH kaɗai ba ya kamawa. Macen da ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, fituwitarinta kan rasa jini ya lalace. Harold Sheehan ne ya bayyana haka a 1937. Ruwan nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, gashin hammata da na mara ya zube, jiki ya yi ta mutuwa shekara da shekaru. A nan doki lafiyarsa ƙalau, mahayin ne ya faɗi. TSH zai fito ƙasa ko ma daidai, FT4 kuwa a ƙasa. Wanda ya auna TSH kaɗai zai ce mata lafiyarki lau. Kuma a irin wannan ba a fara ba da tayiroksin, wato maganin T4, sai an duba kotisol, sinadarin da halittar saman ƙoda ke fitarwa, in ya yi ƙasa a fara maye shi. In aka tayar da jiki da gudu alhali babu kotisol, hawan jininta na iya faɗuwa warwas, rai ya shiga haɗari.

Likitan Yara:
Na jarirai shi ne wanda jinkirinsa ba ya gyaruwa. Jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000 ake haifa tayirod ɗinsa babu, ko ta yi ƙanƙanta, ko ta tsaya a gindin harshe ba ta sauko mazauninta ba. Ranar haihuwa ba za ka ga komai ba, domin sauran na uwa na jikinsa. Daga baya sai shawara ta wuce mako 2 ba ta tafi ba, ya yi ta barci sai an tashe shi shan nono, tsotso ba ƙarfi, kuka a dishe, harshe babba, cibiya ta turo, maɗiga mai faɗi, kashi sai da ƙyar. Abin tausayi, irin wannan ake yabo a ce yaro ne mai haƙuri.

Shi ya sa ake tsaga dunduniyar jariri a ɗiga jini a takarda, bayan awa 48 da haihuwa, domin TSH na kowane jariri kan yi tsalle a awannin farko. In an tabbatar, a fara magani cikin mako 2, maikirogiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo a rana. A murƙushe ƙwayar a ɗan ruwan nono ko ruwa a cokali, kada a zuba a cikin kwalbar madara gaba ɗaya don yana iya rage ta, kada kuma a haɗa da madarar waken soya ko ɗigon ƙarin jini. Wanda aka kama da wuri yana tashi kamar kowane yaro. In ana shakkar ko ta dindindin ce, sai ya shekara 3 ake gwada dakatarwa. A yaro babba kuwa, alamar farko tsayi ne ke tsayawa alhali jiki na cika.

Likitar Mata:
Ni ina da ja a kan ɓoyayyar. Mace 'yar shekara 35, TSH 6.5, FT4 daidai, ta gaji, gashi na zuba, a ce mata je ki dawo bayan wata uku? Maganin nan sinadarin jiki ne, ba guba ba. A ganina a ba ta, in ta ji sauƙi shi ke nan.

Likitan Ciki:
Yaya, ban ƙi ta taki gaba ɗaya ba, amma awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Da yawa daga masu ɗan hawan nan in an maimaita bayan wata 2 zuwa 3 sai a tarar ya koma daidai da kansa. In aka ɗora ta a kan magani ranar farko, ta shiga shan ƙwaya shekara talatin a kan lambar da da ta gyaru, kuma an daina neman ainihin abin da ke gajiyar da ita: ƙarancin jini daga yawan al'ada, rashin barci, suga, damuwa. Ƙa'idar hukumar NICE ta Birtaniya ta 2019 ita ce a duba ba da magani in TSH ya kai 10 a awo biyu da wata 3 a tsakaninsu. In bai kai 10 ba, mutum bai kai shekara 65 ba, yana da alamomi, kuma awo biyu sun nuna hawan, ana iya gwada magani na wata 6. In TSH ya daidaita amma ƙorafin na nan, a dakatar a nemi dalili a wani wuri.

Ga tsofaffi ma abin ya fi fitowa fili. Binciken TRUST da aka buga a 2017, a kan mutum 737 'yan shekara 65 zuwa sama, ya nuna maganin ya gyara lamba amma bai rage gajiya ba. TSH kan ɗan hau da shekaru, don haka 6 a jikin ɗan shekara 80 ba 6 ba ne a jikin 'yar 30. In kuma magani ya yi yawa, zuciya kan rikice da bugu har ta jawo shanyewar ɓarin jiki, ƙashi kuma ya yi rauni, musamman ga matan da al'ada ta ɗauke musu.

Likitar Mata:
Na karɓi maganar maimaita awo da ta tsofaffi. Amma ban sauka daga kan mai neman haihuwa da mai ciki ba, musamman in anti-TPO ɗinta ya nuna. Irin wannan ba a ce mata ta jira wata uku. Kuma mai anti-TPO, kusan kashi 4 cikin 100 a kowace shekara suna komawa bayyananniya, don haka ko ba a ba ta magani ba, kada a sallame ta, a riƙa aunawa duk shekara.

Likitan Ciki:
A nan bakinmu ɗaya. Mai ciki lissafinta daban ne.

Ɗalibar Likitanci:
Malam mai magani, me ke sa mutum yana shan ƙwayarsa amma TSH ya ƙi sauka?

Mai Haɗa Magani:
Kafin a ƙara adadi, a tambayi yadda ake sha. Maganin shi ne wanda ake rubutawa levothyroxine a jikin kwali, T4 ne sak irin na jiki, hanta da ƙoda da sauran gaɓoɓi ke mayar da shi T3 gwargwadon buƙata. Matashi mai lafiyar zuciya da ke da bayyananniyar gazawa akan lissafa masa maikirogiram 1.6 ga kowane kilo, wato mai kilo 60 wajen 100 a rana. Tsoho ko mai ciwon zuciya daga 25 ake farawa, a hau a hankali, domin zuciyar da ta saba da tafiyar hawainiya in aka ce ta ruga lokaci guda sai ciwon ƙirji. A lura, maikirogiram ne ba miligiram ba. 100 ɗin nan shi ne miligiram 0.1.

A sha da ruwa zalla, ciki ba komai, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Wanda safiya ba ta yi masa ba ya sha lokacin kwanciya, awa 3 bayan abincin ƙarshe, ya kuma tsaya a kan hakan. Maganin ƙarin jini, kalsiyam, da farin ruwan maganin ƙwannafi suna kama shi a hanji su fita da shi, don haka a raba su da awa 4. Masu ciki su suka fi faɗawa wannan, su haɗiye shi tare da maganin ƙarin jininsu a lokaci guda. Kofi, madara da waken soya suna rage shigarsa, omeprazole na gyambon ciki ma kan yi. Rifampicin na tarin fuka, da carbamazepine da phenytoin na farfaɗiya, suna sa hanta ta ƙone shi da sauri. Ƙwayoyin da ke ɗauke da estrogen, sinadarin mata, kan sa a buƙaci ƙari. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, kuma a sa ido a kan awon jininsa, domin yana ƙara ƙarfi yayin da tayirod ke daidaita. Zafi da laima na kashe ƙarfin ƙwayar, a bar ta a cikin takardarta, nesa da rana da banɗaki.

Rabin abin da aka sha sai ya kwana 7 kafin ya bar jiki. Wannan ke sa mantuwar rana ɗaya ba ta zama masifa, kuma shi ke sa ba a auna TSH sai mako 6 zuwa 8 bayan an fara ko an canza adadi. Mai aunawa bayan kwana goma ya ga lamba na sama ya ƙara, shi ke wuce gona da iri. Gyara kuma da 12.5 ko 25 ake yi. In ya zauna, sau ɗaya a shekara ya isa. Sauƙin jiki kan fara cikin mako 2 zuwa 3, fata da gashi kuwa sai watanni.

Mai Awon Jini:
Akwai hoton da ke tona asirin tsallaken magani: TSH a sama sosai, FT4 kuwa daidai ko ma sama. Galibi mutum ya yi makonni bai sha ba, da ranar awo ta matso sai ya shiga sha. T4 ya hau nan take, TSH kuwa bai samu lokacin sauka ba. Ba faɗa ake yi masa ba, tambayarsa ake yi a hankali me ke hana shi, domin in aka ƙara masa adadi ya kuma fara sha kullum, sai ya yi masa yawa. In an tabbatar yana sha daidai amma yana buƙatar fiye da kima, a duba hanjinsa da tumbinsa.

Malamar Jinya:
Saura abin da ke kai wa ga gaggawa. Wanda ya daɗe da gazawar ba magani, ko ya daina sha don ya ji sauƙi, yawanci dattijuwa, sai sanyi ko ciwon huhu ko maganin barci ya tunkuɗa ta. Jiki ya yi sanyi ƙalau, ma'aunin zafi ya nuna ƙasa da 35, ta rikice ko ta yi ta gyangyaɗi ba ta farkawa sosai, numfashi da bugun zuciya su ja baya. Wannan asibiti ne nan take, domin ko da kulawa ana rasa da yawa. A hanya a lulluɓe ta da bargo kawai. Kada a kara mata ruwan zafi ko a kai ta bakin wuta, domin jijiyoyin fata za su buɗe, hawan jini ya ƙara faɗuwa. Kada a ɗura mata komai a baki in ba ta cikin hayyacinta. A tafi da duk kwalayen magungunanta, a kuma nuna wa likita in akwai tabon aiki a wuya.

Likitan Ciki:
Haka ne, Malama. A can ta jijiya ake ba da tayiroksin, tare da hydrocortisone, maganin da ke maye kotisol, tun kafin sakamakon kotisol ya fito, a nemi ciwon da ya tunkuɗa ta a yi maganinsa. Kuma a lura, zazzaɓi ba lallai ya fito ba ko da ƙwayar cuta ta shiga jini, don haka zafin jiki na 37 a irin wannan majinyaciya ya isa a fara neman ciwon huhu ko na mafitsara.